Ziyarar Ƙaro Ilimi a Tsibiran Kef Bade

Idan aka kai ɗalibai ziyarar ƙaro ilimi ƙasar Kef Bade, wato tsibiran nan da ke yamma da Senegal, akan fara ne da Cidade Velha, garin da Turawan Fotugal suka kafa a 1462. A nan ake nuna musu ginshiƙin da a dā ake ɗaure bayi a yi musu bulala. To amma jagoran da ya tsaya ga kufai kaɗai ya tauye su, domin gadon da ya fi wannan girma yana bakin jama'a, wato harshen Kiriyolu. Galibin kalmominsa na Fotugal ne, da ɓurɓushin Mandinka da Wolof waɗanda bayin suka zo da su. Shi ake ji a gida da kasuwa, amma tun samun mulkin kai a 1975 harshen Fotugal ne na hukuma.