Kafin Zanenka Ya Hau Mota

Ɗalibi zai shafe sati uku yana zane don shiga gasa ko don wani mai saye a Legas, amma ya naɗe shi cikin minti biyar ya miƙa wa direba. Daga Kano zuwa Legas kuwa tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, ga ramuka, ga buhunan da za a jibga a kai. Idan zanen ya isa a yage, ba mai biyan ka wahalarka.

Duk mai zama a Hotoro yana ganin manyan motoci ɗauke da kaya suna bin titin Maiduguri. Lura da yadda masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai ke shirya kayansu: ba sa barin fili a cikin kwali, domin kayan da ke motsi shi ke lalacewa.

Da farko, bari fenti ya bushe sarai. Na mai kan ɗauki makonni. Rufe fuskar zanen da farar takarda, banda jarida, domin tawadarta tana zuba. Zanen gawayi ko fensir sai a sa shi tsakanin kwalaye biyu masu tauri a ɗaure, kada ya goge. Idan na yadi ne, naɗe shi a jikin bututun roba mai faɗi, fentin yana kallon waje. In ya kalli ciki, sai ya tsattsage. Mai firam kuma, cire gilashin, ka kare kusurwoyi huɗun da kwali.

Leda tana tare ruwan damina da ƙurar hunturu, amma ta zo daga waje. Jakar fata ta kasuwar Kurmi tana yin fumfuna idan ta daɗe a kulle cikin leda, shunin marinar Ƙofar Mata kuma yana ɓata farin kaya, don haka a raba su.

Kafin ka rufe da salatif, girgiza kwalin. In ka ji motsi, ƙara cusa takarda. Ɗauki hoton aikin, sa adireshi ciki da waje, ka karɓi rasit.

Idan ƙasar waje za shi, dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Duk abin da ya yi kama da tsohon kaya, fara tambaya a Gidan Makama.