Mene Ne Sauya Wa Raƙuman Dawa Mazauni?

Shi ne a ɗebi wasu dabbobi daga inda suka rage, a kai su wani dajin domin su kafa garke na biyu. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma sun ƙare ko'ina sai yankin Kure, kusa da Yamai, inda a 1996 saura 49 kawai. Kariyar gwamnatin Nijar da ta mazauna yankin ta sa suka haura 600. Sai dai tara su wuri guda haɗari ne babba, domin annoba ɗaya ko fari ɗaya na iya share su.

Domin sauya musu mazauni, likitocin dabbobi kan harba musu allurar barci, a tsare su a shinge na makonni har su natsu, sannan a ɗora su a manyan motoci. A Nuwamban 2018 aka kai takwas gandun dajin Gadabeji a jihar Maradi, tafiyar sama da kilomita 800.

Manoman Kure ne ke ɗanɗana kuɗarsu, don raƙuman na cinye musu wake. A Gadabeji kuwa, makiyaya Fulani da Buzaye ne maƙwabtansu, kuma in ba da goyon bayansu ba, jami'an gandun daji kaɗai ba za su iya tsare raƙuman ba.