Sauya birkin baya na tsohuwar Peugeot 504: Abin da mai mota ya kamata ya sani

Har yanzu akan ci karo da tsohuwar Peugeot 504, musamman akori-kura, tana jigilar buhunan gero da dawa daga ƙauyukan Gwiwa da Roni zuwa Kazaure. Motar ta fara fitowa ne a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya soma aiki a 1975, ya shafe shekaru yana harhaɗa ta. Daga cikin gyare-gyaren da ake yi wa irin waɗannan motoci akwai cire birkin baya mai ganga a sa mai faifai.

Birki mai ganga a rufe yake. Idan direba ya taka, man birki ne ke tura takalma biyu su goga a cikin gangar. Rufin yana tare ƙurar hunturu da tsakuwa, amma yana riƙe zafi. Motar da ta ɗauko kaya fiye da kima, ana ta taka mata birki a gangare, gangarta kan yi zafi ta buɗe, sai direba ya ji ƙafarsa tana nutsewa motar ba ta tsayawa. Da damina kuma, idan aka ratsa ruwa, sai an ɗan jima kafin ya kama. Mai faifai a fili yake, iska na sanyaya shi, yana watsar da ruwa nan take.

Sai dai aikin ya wuce kwance wannan a ɗaura wancan. Salun ɗin 504 na farko ya zo da faifai a ƙafafu huɗu, shi ya sa wasu ke zaton za a iya sayo kayansa a Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a ɗora wa akori-kura. Ƙirar ƙafar bayansu ba ɗaya ba ce: ta salun kowace taya da motsinta, ta akori-kura kuwa sandar ƙarfe guda ce ta haɗa tayoyin biyu. Dole sai an ƙera mazaunin da zai riƙe abin da ke matse faifan, kuma a nan ne waldar ganin ido ke jawo asarar rai.

Akwai kuma batun rabon ƙarfi. Ƙafafun gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota, domin nauyi gaba yake komawa idan an taka birki. In na baya ya fi ƙarfin da aka tsara masa, tayoyin baya za su riga ƙamewa, motar ta juya da direba, balle a kan burji ko lokacin da ba ta ɗauke da kaya. Don haka sai an daidaita bawul ɗin da ke rage matsin mai zuwa baya, an kuma tabbatar famfon birkin zai iya tura man da faifai ke buƙata. Birkin hannu ma yakan nemi sabuwar waya.

A ganina, mai motar da ke yawo a hanyoyin ƙasa zai fi cin riba idan ya fara da sabunta takalman gangar, ya daidaita su, ya canza man birki da robobin da suka tsufa, don sau da yawa nan matsalar take. Wanda ya dage sai ya sauya, to ya nemi bakaniken da ya taɓa yi, a gwada motar a fili babu kaya, sannan a sake gwadawa da lodi kafin ta hau titin Kazaure zuwa Kano.