FASHIN BAƘI: Saitunan cikin rautar gida, abin da suke gyarawa da abin da ya fi ƙarfinsu

Tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi da ya kai kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, duk wanda ya sayi data sai ya ji a jikinsa. Abin takaicin shi ne a biya kuɗin, sannan bidiyo ya yi ta tsinkewa. Galibi laifin na kamfani ne, amma akwai wani kaso da mai gida zai iya gyarawa da kansa daga cikin rauta, wato akwatin da ke rarraba intanet a gida.

Ana shiga ne ta burauza. A rubuta lambar da ke manne a ƙasan na'urar, wadda yawanci 192.168.0.1 ce, ko 192.168.1.1, ko kuma 192.168.8.1 a na'urorin Huawei. Da zarar an shiga, a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, domin duk yaron unguwa ya san "admin". Sannan a ɗauki hoton kowane shafi kafin a taɓa shi, saboda a san hanyar komawa.

Ga mai rauta ta layin waya, lambobi biyu ne ke faɗin gaskiyar sabis, ba sandunan da ke jikin fitila ba. Ta farko RSRP, ma'aunin ƙarfin saƙon da ke isowa daga ƙarfen sabis: kusa da -80 yana da kyau, ƙasa da -100 kuwa ya raunana. Ta biyu SINR, wadda ke nuna yadda saƙon ya fita daga cikin hayaniyar sauran saƙonni. Idan ta kai 20, madalla. Idan ta sauko kusa da sifili, ko sanduna sun cika ba za a ji daɗi ba. Sau da yawa ɗaga rautar zuwa taga, nesa da kwanon rufi, ya fi kowane saiti tasiri.

Daga nan sai zaɓen zango. Wanda ya taso yana murɗa rediyo ya san gajeren zango na kawo tasha daga nesa, FM kuma ta fi tsabtar murya amma ba ta nisa. Kusan irin wannan cinikin ne a nan. Zangon megahaz 800 na tafiya nesa yana ratsa bango, sai dai kowa na kansa, don haka yakan cunkushe da daddare. Zangon 1800 da na 2600 sukan fi ɗaukar kaya, amma suna son kusanci da ƙarfen sabis. Wasu rautoci na barin mutum ya ɗaure su a zango ɗaya, ko ya tilasta musu zama a 4G kaɗai don kada su riƙa faɗawa 3G. A nan ake yawan kuskure: ranar da zangon da aka ɗaure ya ɗauke, rautar ba za ta nemi wani ba, sai gida ya zauna shiru. A gwada kowane sauyi da safe da kuma dare kafin a yanke hukunci.

Saitin da ya fi shafar mai bibiyar siyasa shi ne DNS, wato kundin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa. Idan ba a taɓa shi ba, na kamfaninka ne ke aiki, kuma ta nan ne toshe shafi ya fi sauƙi. Ana iya maye gurbinsa da 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Lokacin da Turkiyya ta toshe Twitter a watan Maris na 2014, har a jikin bango aka riƙa rubuta 8.8.8.8. Dabarar ba ta yi dogon kwana ba, domin cikin kwanaki kamfanonin ƙasar suka fara karkatar da ita. Da Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, VPN jama'a suka runguma. Sauya DNS ba ya ƙara gudu sosai, kuma shi kaɗai ba ya ɓoye wa kamfani inda kake shiga.

Akwai kuma inda saiti ba shi da ta cewa. A watan Satumban 2021 aka kashe ƙarafan sabis a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna suka biyo baya. Babu zango ko VPN da ya yi amfani a lokacin.

Idan RSRP da SINR suna da kyau amma gudu ya ƙi, musamman da daddare, alama ce ta cunkoso a ɓangaren kamfani. A ajiye hotunan lambobin da sakamakon gwajin gudu na 'yan kwanaki, a kai ƙorafi ga kamfanin, a karɓi lambar ƙorafin. In ba a saurare ka ba, layin NCC na 622 kyauta ne.