Yadda James Bond Ya Tsallake Rijiya Da Baya A 1977

Duk mai shiga silima ya san James Bond, ɗan leƙen asirin nan na Ingila mai lamba 007. Amma ba kowa ya san cewa a 1975 saura ƙiris labarinsa ya ƙare ba.

Mutum biyu ne su ke shirya wasannin Bond tun 1962, wato Albert Broccoli da Harry Saltzman. Wasansu na tara, wanda ya fito a 1974, bai yi kasuwa kamar na baya ba. Ana cikin haka bashi ya yi wa Saltzman katutu, ya sayar da kasonsa ga kamfanin United Artists. Broccoli ya rage shi kaɗai, mutane kuwa suna ta cewa Bond ya tsufa. Maimakon ya tsuke bakin aljihu, sai ya zuba wajen dala miliyan 13 da rabi a wasa na goma, The Spy Who Loved Me, kusan ninkin abin da aka kashe a na tara. In wannan ya faɗi, to, shi ke nan.

Wahala ta farko ita ce labari. Ian Fleming, wanda ya ƙago Bond, ya yarda a ɗauki sunan littafinsa na 1962 amma ban da abin da ke ciki. Dole aka tsara sabo. Wani attajiri ne, Stromberg, ya ke da ƙaton jirgin dakon mai wanda ke buɗe baki ya haɗiye jiragen yaƙi masu nutso na Ingila da Rasha. Nufinsa ya harba makaman ƙare-dangi a kan New York da Mosko, manyan ƙasashe su hallaka juna, shi kuma ya kafa sabuwar duniya a ƙarƙashin teku. Sai aka haɗa Bond, wanda Roger Moore ya fito a matsayinsa karo na uku, da wata 'yar leƙen asirin Rasha, Anya, wato Barbara Bach. Suna tsakiyar aiki ta gano Bond ne ya kashe masoyinta, ta rantse in an gama sai ta ɗau fansa.

Ba a sami zauren da zai ɗauki cikin wannan jirgi ba, saboda haka aka gina sabo a Pinewood kusa da Landan, mai tsawon ƙafa 374, da tafki a cikinsa. Ken Adam ne ya tsara shi, aka buɗe shi a watan Disamba 1976. An kuma ɗauki hotuna a Masar, wajen dalar Giza da tsofaffin gine-ginen Luksor. A can ne abinci ya gagari ma'aikata, Broccoli da kansa ya shiga madafa ya dafa musu taliya.

Abin da ya fi tsinka zuciya shi ne farkon wasan, inda maƙiya su ka koro Bond a kan ƙanƙara har ya faɗa daga ƙololuwar dutse. Ba dabarar hoto ba ce. Wani Ba'amurke ne, Rick Sylvester, ya yi tsallen daga dutsen Asgard a arewacin Kanada, aka biya shi dala 30,000. Kwanaki aka yi ana jiran iska ta lafa. Da ya yi tsallen, na'urar ɗaukar hoto ɗaya tak ce ta kama shi daga sama har laimarsa ta buɗe da tutar Ingila. Da ita ma ta kuskure, da an yi wahalar banza.

Ga kuma mota Lotus Esprit fara wadda ta faɗa teku ta rikiɗe ta zama jirgi mai nutso, ga ƙaton nan Jaws mai haƙoran ƙarfe. Richard Kiel ne, tsawonsa ƙafa 7 da inci 2, kuma haƙoran suna yi masa ciwo har ba ya iya jure su sai na ɗan lokaci kaɗan.

A ƙarshe Bond ya juya makaman, jiragen biyu su ka hallaka juna, ya harbe Stromberg, Anya kuma ta yafe masa.

An fara nuna wasan a Landan ran 7 ga Yuli 1977, ya kuma jawo fiye da dala miliyan 185 a duniya. Broccoli ya ci gaba da riƙe Bond har kusan rasuwarsa a 1996. Zauren nan na Pinewood ya ƙone sau biyu, a 1984 da 2006, kowane karo kuma aka sake gina shi. Har yau sunan Broccoli da lamba 007 ya ke ɗauke da su.