Sandar Tuƙi Mai Turjiya: Idan Ta Yi Sanyi, Daga Ina Za a Fara?

 Yau za mu leƙa wurin masu tuƙa jirgin sama a kwamfuta, mu duba wata matsala da ke ci musu tuwo a ƙwarya: an sayi sandar tuƙi mai injin turjiya da tsada, an jona ta, jirgi ya tashi a allo, amma sanda ta yi laƙwas a hannu.

Sai mun san aikin wannan sanda kafin mu san gyaranta. A ƙaramin jirgi na gaske, wayoyin ƙarfe ne ke haɗa abin tuƙi da fukafukai da wutsiya. Iskar da ke bugun su tana dawowa hannun matuƙi, kamar yadda mahayi ke jin halin dokinsa ta linzami. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin iskar ninkawa huɗu yake yi, sai abin tuƙi ya yi nauyi. Idan gudu ya ragu har fukafukai suka kusa kasa ɗaukar jirgi, sai ya yi sako-sako, jirgin ya fara karkarwa. Ɗalibin tuƙi, ko a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya da aka kafa a 1964 ko a wani wuri, da tafin hannunsa yake koyon wannan kafin idonsa ya kai ga agogon gudu. Sandar wasa ta yau da kullum sifirin ne kawai a cikinta, nauyinta ɗaya ko jirgi na tsaye ko yana keta gajimare. Mai turjiya kuwa tana da injinan lantarki biyu, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na hagu da dama, manhaja ce ke gaya musu yawan ƙarfin da za su tura.

Fasahar ta daɗe. A 1997 kamfanin Microsoft ya fitar da SideWinder Force Feedback Pro, a shekarar kuma DirectX 5 ya buɗe wa wasanni hanyar aika umarnin ƙarfi zuwa sanda. A 2000 aka sami SideWinder Force Feedback 2 mai USB, wadda har gobe ake farautarta a kasuwar kayan gwanjo. Daga nan kasuwa ta yi sanyi. Kamfanin Immersion, mai riƙe da haƙƙin mallakar fasahar, ya maka Microsoft da Sony a kotu a 2002, Microsoft ya sasanta da dala miliyan 26 a 2003. Sai a 'yan shekarun nan kamfanoni irin su Brunner na Suwizalan da VPforce da Moza suka farfaɗo da harkar.

To, sanda ta ƙi aiki. Shawarata ita ce a fara daga bango, a bar wasan sai ƙarshe. Mutane da yawa baibai suke yi, su goge manhaja su sake ɗorawa, alhali laifin yana jikin soket.

Wutar USB ta isa ta sa kwamfuta ta ga motsin sanda, amma ba ta isa ta juya injinan ba. Su wutar bango suke sha. Wannan ya shafe mu ƙwarai. An ɗauke wuta, kwamfutar cinya ta ci gaba da batirinta, jirgi na amsa umarni, ƙarfi kuwa ya tafi. Kuma idan kayan daga Amurka suka zo, a karanta rubutun da ke jikinsu kafin a jona, domin can wutar gida bolt 120 ce, tamu 230.

Mai SideWinder ta biyu ya san wani abu: a jikin mariƙinta akwai ɗan idon haske da ke gane ko hannu na kai. Ka saki, injinan su tsaya, sanda ta kwanta gefe. Da gangan aka yi haka don kada ta rinƙa dukan iska ita kaɗai. Ƙura ko riƙon da bai rufe idon ba na iya sa ƙarfi ya rinƙa zuwa yana ɗaukewa. Wasu suna liƙe idon da salatif. Yana aiki, amma wanda ya yi haka ya kula da yara a kusa, don sandar za ta iya fizga ba zato.

Daga nan sai Windows. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta joy.cpl, wato j, o, y, ɗigo, c, p, l. Idan sunan sanda bai fito ba, a cire ta daga abin rarraba USB a soka ta kai tsaye a jikin kwamfuta, a kuma kashe tsarin da ke sa Windows ya yanke wa ramukan USB wuta don tsimin batiri. Tsohon faifan da ya zo da SideWinder ta biyu a bar shi cikin kwalinsa, Windows na yanzu yana gane ta da kansa. Ta farkon ce ke da wuya, domin da tsohon rami mai fil 15 take aiki, wanda Microsoft ya daina tallafa wa tun zamanin Windows Vista.

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. A tsarin Windows, manhajoji da yawa suna iya karanta motsin sanda a lokaci guda, amma ɗaya tak ce ke iya riƙe injinanta. Wadda ta riga kamawa ita ke da iko. Saboda haka tambayar da za ka yi ita ce: wa ke magana da sandar nan yanzu? Wasanni irin su DCS World da IL-2 Sturmovik da kansu suke aika ƙarfi. Microsoft Flight Simulator na 2020, wanda kamfanin Asobo na Faransa ya gina, ya fito ba tare da wannan ba, sai an sa manhajar tsakiya, kamar XPForce ko TelemFFB, ta karɓi bayanan gudu da matsayin jirgi ta hanyar SimConnect, ta mayar da su ƙarfi. Wanda bai san haka ba zai kwana yana neman maɓallin da babu shi a cikin wasan. Wanda kuma ya kunna manhajoji biyu masu aiki iri ɗaya zai ga ɗaya ta yi shiru, ko su rinƙa ƙwace sandar a tsakaninsu. A rufe duka, a jona sanda, a buɗe ɗaya, sannan wasa. Idan akwai sitiyarin wasan mota a jone, a cire shi tukuna, domin umarni kan ɓace ya tafi wurinsa.

Wani lokaci ƙarfi yana nan amma a karkace: ka ja baya, sanda ta ture ka gefe. A DCS World akwai wurin musanya layin gaba da baya da na hagu da dama, da juya alkiblarsu, a cikin saitin sanda, kuma masu SideWinder ta biyu kan buƙaci wannan musanyar. A wasan nan dai, lanƙwasa layin amsawar sanda yana raba inda take a hannu da inda wasan ke zaton take, sai tirim ya rikice. Tirim shi ne saitin da ke ɗauke wa matuƙi nauyi don kada ya yi ta ja tsawon tafiya, kuma a sanda mai turjiya matsar da tsakiyarta yake yi, ka ji nauyi ya narke a hannunka.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ƙure kowane saiti zuwa 100. Injinan ƙanana ne, suna da iyaka. Idan sun kai maƙura tun jirgi na tafiyar hawainiya, ba su da abin ƙarawa idan ya ɗauki gudu, bambancin da aka sayi sandar dominsa ya ɓace ke nan. Ƙarfin da ya wuce kima shi ne kuma ke sa ta kaɗawa hagu da dama da kanta. A rage shi zuwa wajen rabi, a ƙara ɗan saitin da ke danne kaɗawa, a sassauta girgizar inji da ta tayoyi. Sannan a gwada da ƙaramin jirgi: a hau sama, a rage mai, a riƙe hancin jirgi a miƙe. Idan sanda ta fara laushi, ta soma karkarwa kafin ƙararrawar gargaɗi ta gama kuka, saiti ya zauna. A canza abu ɗaya a kowane gwaji, a rubuta shi a takarda.