Batirin magnesiyam: har yanzu ana jiran magajin litiyam

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, batun motoci masu amfani da lantarki ya ƙara ƙarfi a Abuja. Sai dai kaso mai yawa na tsadar irin wannan mota yana cikin batirinta ne, wanda ake haɗawa da litiyam. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman madadinsa, kuma magnesiyam na cikin waɗanda aka fi sa wa rai.

Magnesiyam ne na takwas wajen yawa a ɓawon ƙasa, ana kuma samun sa a ruwan teku da dutsen dolomait. Kowace ƙwayarsa tana ɗaukar caji biyu, ta litiyam kuwa ɗaya, don haka ɗan ƙaramin wuri zai iya adana wuta mai yawa. Bai kuma cika fitar da tsiro mai kamar allura ba, irin wanda kan huda cikin batir ya haddasa gobara.

A shekarar 2000 ne Doron Aurbach da abokan aikinsa a Jami'ar Bar-Ilan ta Isra'ila suka gabatar da samfurin farko da ake iya sake cajinsa. Ya jure caji fiye da sau 2,000, amma ƙarfinsa bai wuce kimanin volt 1.1 ba, alhali na litiyam yana kai 3.7.

Abin da ya fifita magnesiyam shi ne ya zame masa cikas. Cajin nan biyu yana sa ƙwayoyinsa su maƙale, su riƙa tafiyar hawainiya a cikin batir. Ruwan batir na yau da kullum kuma yana yi masa ɓawo da ke toshe hanya. Masu bincike na Toyota da shirin E-MAGIC na Tarayyar Turai sun yi ta fama da waɗannan matsaloli, amma har yau babu motar kasuwa da ke tafiya da shi.

Ko an shawo kansu, da sauran rina a kaba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfen magnesiyam na duniya daga Sin yake fitowa. A 2021, da aka taƙaita wutar masana'antu a lardin Shaanxi, sai farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, hankalin masu ƙera motoci a Turai ya tashi.

Nijeriya tana da dolomait a jihar Kogi, ta kuma buɗe masana'antar sarrafa litiyam a Nasarawa a 2024. Amma fitar da magnesiyam daga dutse yana buƙatar zafin kusan digiri 1,200 da makamashin da ba ya yankewa. Wannan ne ya ba Sin rinjaye, shi ne kuma abin da masu tsara manufofin ma'adinai da na lantarki za su fara warwarewa.